Gishirin Faci

Ni ne mutum na farko da ya kafa rumfar faci a bakin hanyar mota a Birnin Gwari. Akwai masu musun wannan, amma duk sun riga ni tafiya, saboda haka maganata ce ta tsaya. A Zariya na koyo sana'ar, bayan na yi shekaru ina bin wata babbar mota har na gane ba zan taɓa zama direba ba, don ba ni da haƙurin laka da gadar katako. Na dawo gida da famfo ɗaya, da almakashi, da ƙarfen matsi, da zuciya mai saurin tashi, wadda ita dama da ita na tafi.

Facin da yara ke yi yanzu wasa ne, su shafa, su manna, su miƙa hannu. A zamaninmu dafa shi ake yi. Ka zaro tiyub daga taya, ka hura, ka tsoma a ruwa ka ga inda yake kumfa. Ka kankare wurin har ya yi kaushi, ka shafa ɗanyar roba da aka narkar da fetur, ka ɗora wani yanki na ɗanyar robar a kai, ka matse tsakanin ƙarfe biyu, sannan ka zuba garwashi bisa na saman. Zafin nan shi ke dafa robar ta zama jiki ɗaya da tiyub. In ba ta dahu ba, rana na bugun taya za ta saki. In ta wuce dahuwa, ta ƙone ta tsattsage. Da hanci muke gane ta yi.

Da yaƙin Turawa ya yi zafi sai robar kanti ta ɓace ɓat. A lokacin ne kuma aka sa mutanen ƙauye shiga kurmi tatsar danƙo, ana tarawa ana kwashewa zuwa tashar jirgi. Mutanen wajen Kakangi da Kazage su shiga daji su sassari wani itace mai yaɗo da ke nannaɗe manyan bishiyoyi, farin ruwansa ya tsiyayo, su daskarar su dunƙula curi-curi. Ni ma na riƙa samun nawa a hannunsu. To, danƙon daji shi kaɗai ba ya faci, sai an haɗa shi da farar wuta, wannan abin mai ruwan ɗorawa da 'yan koli ke sayarwa, wanda ake dakawa a cuɗa da man shanu a shafa wa mai ƙazuwa. In jiƙa danƙon da fetur ya yi laushi, in barbaɗa farar wutar, in murza da hannuna kamar mai matsar ƙuli-ƙuli. Yana yi, ba laifi, amma faci ɗaya sai ya ci rabin yini a kan garwashi. Direba na zaune a inuwa yana zagina da yarensu, ni ina fifita wuta ina ramawa da namu.

Ɗaya daga cikin masu zagin nan, wani Bayarabe mai ƙiba da ke jigilar gyaɗa, shi ya gaji da ni. Wata rana ya sauko daga mota da wani ɗan gwangwani mai murfi, ya dangwarar a gabana. A ciki akwai gari fari-fari, ya ɗan yi toka-toka, da wani wari da ba shi da daɗi.

«Mai faci,» ya ce, «ka sa wannan cikin haɗinka. Kaɗan-kaɗan, kamar gishiri. Kada ka sa da yawa. Ni na gaji da kwana a garinku.»

Ya ce a wani gareji a Kaduna ya samo shi, inda ake gyaran tayoyi masu yawa. Bai faɗi yadda ya shigo hannunsa ba, ni kuma ban tambaya ba. A jikin gwangwanin akwai suna da boko, dogo kamar igiyar guga. Ni a lokacin ban iya boko ba, da girma na koya a ajin yaƙi da jahilci, amma ko da na iya ɗin ba na jin zan kai ƙarshen sunan nan ba tare da na huta a hanya ba. Na sa masa suna gishirin faci. Bayan shekaru masu yawa wani ɗana da ya yi karatun kimiyya ya bayyana mini cewa garin haɗi ne da aka yi da farar wuta a cikinsa, masu masana'antar roba ke amfani da shi, aikinsa kawai ya gaggauta dahuwa.

Ya kuwa gaggauta. Na ɗebi ɗan kaɗan da yatsa biyu na murza cikin danƙon, na matse, na zuba garwashi. Kafin direban ya gama shan furarsa hancina ya ce mini ta yi. Na kwance ƙarfe ina tsammanin ɓarna, sai ga faci baƙi wuluk, ya kama gam, na ja da haƙori bai motsa ba. Daga ranar labari ya bi hanya. Motocin da da suke lallaɓawa su wuce ni sai sun kai Funtuwa suka riƙa tsayawa. Ban faɗa wa kowa sirrin ba. Haka sana'a take a lokacin, maƙeri ba ya faɗin ruwan da yake tsoma ƙarfe, marini ba ya faɗin tokarsa. Gwangwanin a ƙarƙashin gadona yake kwana, in ɗebi na yini a ƙullin ganye in fita. Matata kaɗai ta san da shi, ita ma don ita ke share ɗakin.

Yanzu sai in faɗi yadda muke cin abinci, don in ba a san wannan ba ba za a gane abin da ya same ni ba. Mahaifina ya rasu ina ƙarami. Ƙanensa ne ya riƙe ni, shi ya kai ni makarantar allo, shi ya yi mini aure, Baffa nake ce masa. A ƙofar gidansa ake ciyayya. Da an idar da sallar magariba kowane magidanci a lungunmu zai fito da akushin gidansa, a shimfiɗa tabarma a jera. Mu biyar ne. A buɗe na farko, kowa ya sa hannu, a cinye, a jawo na biyu. Ƙwarya ɗaya muke wanke hannu a ciki, Baffa ya fara, ni in ƙare don ni ne ƙarami. A nan ake sanin matar wa ta iya miya, a nan ake kashe rikicin iyakar gona tun bai kai gaban alƙali ba. Namijin da ba ya cikin ciyayya a unguwarmu, to ko baƙo ne, ko mai taɓin hankali, ko wanda ya yi abin kunya. Cikin mu biyar ɗin akwai wani tela, ɗan gwaggona, taubashina ke nan, saboda haka duk abin da ya zo bakinsa yana da izinin yaɓa mini.

Wata biyu ko uku da samun gwangwanin, tsakanin yatsuna ya fara ƙaiƙayi. Ƙananan ƙuraje masu ruwa suka fito, in sosa su fashe, wurin ya bushe ya tsage. Na ce ƙazuwa ce, na kwaso wajen wani direba. Na daka farar wuta da man shanu na shafa kamar yadda kowa ke yi. Kwana bakwai ba sauƙi.

A nan na yi tunanin da har yau, a matsayinsa na tunani, ban ga aibinsa ba. Farar wuta tana dafa roba, amma a hankali. In an sa mata gishirin faci sai ta yi a take. Farar wuta tana maganin ƙazuwa, amma a hankali. To me zai hana? Na ɗebi garin, ba da yatsa biyu ba wannan karon, da uku, na cuɗa cikin maganin, na shafe hannayena har wuyan hannu, na naɗe da tsumma don ya shiga da kyau. Safe da yamma nake yi. Da ciwon ya ƙaru sai na ce magani ne ke fito da cutar waje, na ƙara yawan garin.

Cikin mako biyu hannayena sun kumbura, fatar bayan hannu tana saɓulewa, inda ta warke ya bar dabbare-dabbare fari. Ya hau damtse, ya taɓa gefen fuska inda nake share gumi. Yatsuna ba sa lanƙwasuwa sosai. Duk da haka kullum da magariba ina fita da akushina. Na lura in na wanke hannu ba a barin ruwan don wankin ƙarshe kamar da, sai a zubar a sake wani. Na lura, na yi kamar ban gani ba.

Ran nan na zauna, an jera akusa, sai ga wani ɗan ƙaramin akushi sabo an ajiye a gabana, daban da sauran, da buta a gefensa.

«Ɗana,» in ji Baffa, idonsa na kan tabarma, «aikinka na ƙarfi ne, mu kuma muna cinye maka abinci kafin ka yi loma uku. Na sa an ware maka naka. Ka ci ka ƙoshi.»

Babu wanda ya ɗaga kai. Tuwon dawa ne da miyar kuɓewa, kuma an cika mini nama fiye da kullum, wannan ma ya fi komai ɓata mini rai. Na yi loma biyu kawai. Na ce Alhamdulillahi, na tashi. Baffa bai ce in dawo ba.

Da safe tela ya same ni a rumfa ina hura wuta. Ya zauna kan tsohuwar taya, bai tsokane ni ba, a nan na sha jinin jikina.

«Kai kaɗai ne a garin nan ba ka san abin da ake cewa ba,» ya ce.

«Me ake cewa?»

«Babban ciwo.»

Kuturta yake nufi. Ba a cika kiran sunanta a gaban wanda ake zato ba. Ya ce mini akwai wani wan mahaifiyata da ya ƙare rayuwarsa a wata bukka bayan ganuwa, babu yatsu, tun ban yi wayo ba. Baffa yana saurayi a lokacin, shi ake aika ya kai masa abinci, ya ajiye a ƙofa ya ja da baya. Mutane kuma sun ɗauka abin a jini yake, yana tsallake wani ya faɗa kan wani. Shekara talatin ina duniya ba wanda ya taɓa gaya mini ina da wannan kawun. Na ɗauki guntun taya na jefi tela, don shi ke kusa. Ya kauce, ya tsince shi ya ajiye mini, ya ce in na gama haukan in nemi magani.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi tsoron ci mini rai shi ne ƙaramin akushin nan. Kowace magariba yana nan yana jirana. A masallaci masu gaisawa da ni suka koma dafa ƙirji daga nesa. Direbobi ne kaɗai ba ruwansu, su dai taya ta tashi.

Akwai wani dattijon Bafillace da rugarsa ke bayan Kakangi, a bakin kurmi, an san shi da maganin fata. Na rufe rumfa, na ɗaure ƙullin garin tuwo da gishirin miya da goro, na tafi a ƙasa. Gwangwanin na bar shi inda yake kwana, don ban ga abin da zan yi da shi a daji ba, kuma ba na son dattijon ya ce na raina maganinsa. Ya dubi hannayena, ya jujjuya su da tsinke, ya ce, «Kai Kaɗo, me ka taɓa?» Na ce ban taɓa komai ba sai aikina. Ya ba ni bukka a gefen garke. Kullum a tafasa sassaƙen maɗaci in tsoma hannu in ya huce, in shafa man shanu, in sha nono. Ƙwaryata daban, amma wannan bai dame ni ba, don su dama kowa juya baya yake ya ci nasa. Da rana in zauna bakin rafi ƙarƙashin manyan itatuwa ina korar ƙudan tsando, birai na bina da kallo. Ni da na saba da ƙarar mota, shirun dajin nan ya kusa haukata ni.

Kwana goma ƙaiƙayi ya tsaya. Kwana ashirin tsagar ta rufe. Da wata ya cika fata ta koma daidai, sai ɗan haske-haske da ke dushewa. Na yi wa dattijon godiya har da ƙwalla, na kamo hanya.

Baffa na zaune a zaure da hantsi na iso. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa hannayen ba tare da ya tambaya ba. Ya fito da ni haske, ya duba ciki da baya, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya ce Alhamdulillahi sau uku. Da magariba ƙaramin akushi bai fito ba. Na sa hannu tare da kowa, tela ya ce daji ya karɓe ni har na fara kama da mutum. Ban taɓa cin tuwo mai daɗin na ranar ba, ko da yake miyar kuka ce kuma gishirinta ya yi kaɗan.

Washegari na buɗe rumfa, motoci biyu na jira. Na jawo gwangwani, na murza haɗi. Kwana uku, ƙurajen suka dawo, wannan karon da gudu.

Ban jira a ware mini akushi ba. Na ce wa matata ta daina fitar da abincina, ta ajiye mini a zaurenmu. Nan nake ci ni kaɗai, ina jin muryoyinsu ta kan katanga, ina jin dariyar tela. Babu wanda ya aiko a kira ni, kuma na san dalili, kowa na jin nauyin abin da zai ce. A gari kuwa magana ta ƙare, an ce ai haka ciwon yake, ya kwanta ya tashi.

Tela ne ya ja ni ɗakin shan magani, kusan da ƙarfi. Malamin wurin ya sa na rufe ido, ya riƙa taɓa farin wurin da auduga yana tambaya ko na ji, sannan ya tsikare ni da allura. Na yi tsalle na kusa kifar masa da tebur. Ya yi dariya ya ce, «Wancan ciwon kashe wuri yake yi, mai shi ba ya ji. Naka kuwa ya fi ka rai. Wani abu kake taɓawa da jikinka ba ya so. Da me kake aiki?» Na ce danƙo, da fetur, da farar wuta. Ya ce tun yaushe. Na ce shekaru. Ya girgiza kai ya ce to bai sani ba. Tela na tsaye, shi ya sa ban ambaci garin ba. Hannuna na ruɓewa, ana kirana kuturu, amma ina tsaron sirrin faci. In na tuna wannan har yanzu sai in ji kamar in mari kaina.

Matata ba mai yawan magana ba ce. Ranar da yamma ta kawo mini abinci zaure, ta ajiye, maimakon ta koma sai ta tsuguna a bakin ƙofa.

«Maigida, in yi tambaya?»

«Yi.»

«Da ka tafi daji, me ka bari a gida?»

«Ke da yara.»

«Da me kuma?»

Na jawo akushin na buɗe.

«Ni dai ban san magani ba,» ta ce. «Amma wata guda gwangwanin nan na ƙarƙashin gado ba a taɓa shi ba, ka dawo lafiya. Ka taɓa shi, ga ka nan.»

Na taso mata da faɗa. Na ce garin da ya ɗaga ni a kan duk masu faci daga nan har Tegina, shi za ta zarga? Na ce me mace ta sani game da roba? Ta bar ni na gama, ta ɗauki murfin akushi ta shige.

Da safe, ba tare da na faɗa mata ba, na kwaɓa ɗan garin da man kaɗe, na ɗiga a cikin cinyata inda ba ƙurji ko ɗaya, na ɗaure da tsumma. A ɗaya cinyar na sa man kaɗen zalla. Kwana biyu na kwance. Inda na sa man zalla ba komai. Inda na sa garin ya yi ja, ya tashi, ƙuraje sun jeru daidai faɗin abin da na ɗiga, kamar an zana da kwabo. Na zauna bakin gado ina kallon wurin. Na yi murna, don ba kuturu ba ne ni. Na kuma ji kunyar da ban taɓa ji ba, don da hannuna na yi ta shafa wa kaina cutar safe da yamma, har da naɗewa don ta shiga da kyau.

Da magariba na fita da gwangwanin maimakon akushi. Na ajiye shi tsakiyar tabarma, na faɗi komai, tun daga Bayaraben direba har zuwa cinya. Tela ya faɗi ƙasa yana dariya yana riƙe ciki.

«Wato maganin taya ka shafa wa hannunka? To me ya hana ka ɗora garwashi ka matse, ka dahu gaba ɗaya?»

Sauran ma suka yi dariya, ni ma na yi, don dariyar nan ta fi shirun da aka yi mini daɗi. Baffa ne kaɗai bai yi ba. Ya ce, «In garin ne, ai kowa ya taɓa zai yi masa.» Tela, don ya taimake ni, ya naɗe hannun riga ya ce a shafa masa. Aka shafa, aka ɗaure. Kwana biyu aka kwance a gaban kowa. Fatarsa sumul, ko ja bai yi ba.

Malamin ɗakin shan magani ya ce haka abin yake, wani jikin ya ƙi abu, wani bai damu ba, kamar yadda wani ke cin kifi ya kumbura. Sauran mutanen suka yarda da wannan. Baffa ya ce Allah ne masani, bai ƙara ba.

Na gwada murza haɗin da itace. Na gwada naɗe hannu da fata. Duk a banza, jikina ya riga ya tsani abin, ko facin da ya dahu na riƙe sai in kwana susa. Na gwada komawa farar wuta zalla, direbobi suka ƙi jiran rabin yini tunda sun ɗanɗani sauri. Ƙarshenta na ba wani mutumin Kazage ƙarfen matsi da famfo da gwangwanin, na koya masa aikin a tsaye daga nesa, hannuna a baya. Ya yi shekaru yana murza garin da hannu tsirara, ko ƙurji ɗaya bai fito masa ba. Na ji haushin wannan ƙwarai, har na daina bin ta gaban rumfar. Na koma gonar mahaifina, ni da na rantse ba zan sake riƙe fartanya ba. Na so sana'ar nan, kuma na iya ta, amma ba zan iya ci ni kaɗai a zaure ba.

Hannu ya warke sarai. Na koma ciyayya, ƙwarya ɗaya, akushi ɗaya. A gefen daman Baffa nake zama. Kowa ya san yadda ake cin tuwo a taro, ka ci gabanka, ramin kowa ya yi ta faɗi har ya haɗu da na maƙwabcinsa. Ramina na haɗuwa da na tela. Ramin Baffa na haɗuwa da na wanda ke hagunsa. Amma tsakanina da shi kullum sai ya bar wata 'yar siririyar katangar tuwo, bai fi kaurin yatsa ba. In ya zo kusa da ita sai ya janye hannu ya ce ya ƙoshi, a jawo na gaba. Tela ne ke kai hannu ya rushe ta ya cinye, yana surutu kamar bai san abin da yake yi ba.

Na ɗauka mako ne ko wata. Aka shekara, aka shekara biyu, aka wuce goma. Bai taɓa fasa yi mini alheri ba, shi ya raɗa wa 'ya'yana suna, shi ya ba ni fadamarsa. Amma katangar nan ba ta taɓa fashi ba ko sau ɗaya, kuma babu daren da ban gan ta ba. Sau da yawa na yi niyyar magana. Me zan ce? Baffa, don me ka rage loma ɗaya? Na haɗiye, ni da ba na haɗiye komai.

Da tsufa ya kama shi sosai, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun hagun kuma rawa yake ba ya riƙe komai. Ba ya iya fitowa. 'Ya'yansa mata suna gidajen aure, matarsa ita ma ta tsufa, kuma ya ce shi ba zai ci daga hannun mace kamar jariri ba. Aka dubi juna, aka dube ni.

Ranar farko na biya kasuwa na sayi cokali. Na gaya wa kaina don in sauƙaƙa masa ne, kada ya rasa yadda zai ƙi. Gaskiya kuwa akwai ramuwa a ciki, ina so ya ga cewa na sani, tun farko na sani. Na shiga ɗakinsa, na tayar da shi na jingina da bango, na wanke hannu, na buɗe akushi. Na yanko tuwo da cokalin, na tsoma a miya, na kai bakinsa.

Bai buɗe ba. Ya dubi cokalin, ya dubi hannuna, ya daɗe yana dubawa. Bakinsa ya karkace, maganarsa ba ta fita sosai, sai da na sunkuya.

«Tun yaushe ake cin tuwo da ƙarfe a gidan nan?»

Na ajiye cokalin a ƙasa. Na gutsuro loma da yatsuna, na mulmula, na yi mata rami da babban yatsa, na ɗebo miya. Na kai bakinsa. Ya buɗe baki ya karɓa, ya tauna a hankali, ya haɗiye.

«Ƙara,» ya ce.